Injin Shuka: Kafin Ka Biya Kuɗi, Duba Abin Da Ke Juya Faifai

Muna gaishe ku daga Zangon Kumasi.

Yau za mu yi magana a kan injin shuka, wanda mutum ke turawa, da wanda jaki ko sa ke ja, da na bayan tarakta. Wani zai ce, to mai shanu da mai fatauci ina ruwansu da injin shuka? Akwai ruwansu. Kai falke, motar da ta kawo albasa daga Galmi ko shanu daga arewa ba ta son komawa wayam, kuma kayan ƙarfe na cikin abin da ake lodawa. Kai makiyayi, bijiminka ne ko jakinka zai ja shi, kuma harawar da za ta fito daga gonar ita ce abincin dabbobinka da rani. In injin ya yi kyau kowa ya samu. In ya lalace a tsakiyar makon shuka, manomi ya yi asarar damina, falke ya yi asarar suna, mai shanu ya yi asarar kuɗin haya.

Abu ɗaya nake so ku riƙe daga hirar yau. Mai saye yakan tsaya kallon fenti da girman akwatin iri. Amma ingancin injin shuka yana can ƙasa, a hanyar da juyin taya ke bi har ya kai ga faifan da ke sakin iri. Wannan hanyar za mu bi yau, gaɓa gaɓa.

Me ya sa daga Kumasi

Kakanninmu goro ya kawo su ƙasar nan, ta Salaga, daga baya suka sauko Kumasi suka kafa zango. Yau bayan goro akwai ƙarfe. A arewacin gari, kan hanyar Offinso da Techiman, akwai Suame Magazin, ɗaya daga cikin manyan matattarar makanikai da maƙera a Afirka. Sunan ya samo asali ne daga wani tsohon ma'ajiyar makaman soja inda masu sana'ar suka fara taruwa a zamanin Turawa. Samarinmu na Zango da yawa a can suke koyon aiki, wasu walda, wasu gyaran mota, wasu cinikin tsohon ƙarfe.

Jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah ta buɗe cibiyarta ta ba masu sana'a shawara a 1972, sannan a 1980 ta kafa wurin koyar da fasaha a cikin Magazin ɗin kanta. Daga nan aka samu hukumar GRATIS a 1987, wadda ta kai irin wannan aiki sauran jihohin Gana. Shi ya sa a Suame za ka sami mai sassaƙa ƙarfe da inji, da mai narka dalma da ƙarfe ya zuba a zubi, da masu ƙera injin niƙa da na gurzar rogo. Wanda ya iya waɗannan zai iya ƙera maka injin shuka ko ya kwaikwayi wanda ka kawo masa. Sai dai maƙeri yana ƙera abin da aka faɗa masa ne. In kai mai saye ba ka san abin da za ka nema ba, to abin da ya sauwaƙa zai ba ka.

Yadda injin ke ƙirga iri

Mai shuka da sungumi ƙafarsa ce ma'auninsa. Ya yi taku, ya sara, na baya ya jefa iri ya take. Injin shuka ma haka yake, tayarsa ce ƙafarsa. Taya na birgima a ƙasa, tana juya wani faifai mai ramuka a gindin akwatin iri. Kowane rami ya ɗauki ƙwaya ɗaya ko biyu, ya zo kan ƙofa, ya sake ta cikin bututu, ta faɗa ƙasa, wani ƙarfe ya rufe, ƙaramar taya ta baya ta danne. Dabarar ta daɗe. Wani manomi a Ingila, Jethro Tull, ya ƙera irin wannan inji a 1701, kuma har gobe akasarin injinan shuka a kan wannan ƙa'ida suke tafiya.

Kun ga amfanin haɗa faifai da taya? In sa ya yi sauri, faifai ya yi sauri. In ya yi nawa, faifai ya yi nawa. In ya tsaya, iri ya daina zuba. Tazarar shuka ba ta canzawa da saurin dabba, sai dai in saurin ya wuce kima.

To bari mu yi lissafi, kuma kada kowa ya tsorata, bai kai lissafin canjin sidi zuwa sefa wuya ba. Mu ce faɗin taya santimita 40 ne. Juyi ɗaya za ta ci kusan santimita 126 na ƙasa. Mu ce a jikin taya akwai ƙaramin faranti mai haƙora 14, a jikin sandar faifai kuma babban faranti mai haƙora 42, irin na babur, cen ya haɗa su. 14 sau 3 ne 42. Ke nan sai taya ta juya sau 3 kafin faifai ya juya sau 1, kuma a wannan lokaci inji ya yi tafiyar kusan santimita 377.

Yanzu raba wannan tafiya da yawan ramukan faifai. Faifai mai rami 24 zai ba ka tazarar kusan santimita 16, daidai gyaɗa. Mai rami 15 zai ba ka 25, tazarar da ake ba da shawara ga masara a arewacin Najeriya, ƙwaya ɗaya a rami, layi da layi santimita 75. Mai rami 9 ko 10 zai ba ka kusan 40, yadda malaman gona a Gana ke cewa a shuka masara irin su Obatanpa, wadda cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua, nan kusa da mu, ta fitar a 1992: santimita 80 tsakanin layi, 40 tsakanin rami, ƙwaya biyu biyu. Mai rami 4 kuwa zai ba ka kusan mita ɗaya, tazarar hatsi a jigawar Nijar.

Abu uku ke nan ke yanke tazara: girman taya, haƙoran farantai, da ramukan faifai. Ka taɓa ɗaya, ka canza gonar gaba ɗaya. Ga misali. Babban faranti ya cinye, aka kai wa mai gyaran babur a ƙauye, bai da mai haƙora 42, sai ya sa mai 36 ya ce ai duk ɗaya ne. Inji zai yi aiki lafiya lau, ba ƙara ba komai. Amma tazarar 25 ta koma ƙasa da 22, kuma gonar da take cin tiya 6 ta iri yanzu 7 za ta ci. Shuka ta cunkushe, taki bai isa ba, zangarniya ta ƙanƙance, manomi yana zargin iri ko ruwan sama, alhali haƙora 6 ne suka ɓata lissafi. Don haka kai falke, ka ƙirga haƙoran kowane faranti, ka sa a rubuta lambar da fenti a jikin inji.

Hanyoyi huɗu da juyi ke bi

Na farko, wanda ba shi da cen ba shi da giya. Akwatin iri da taya abu ɗaya ne, bakuna ne a kewaye da ita suna soke ƙasa suna sakin iri. Cibiyar IITA ta Ibadan ta yi aiki a kan irinsa tun shekarun 1970, yanzu kuma na roba daga Sin sun cika kasuwa. Ba shi da nauyi, ba shi da tsada, mace ko yaro zai iya turawa. Ana canza tazara ne ta ƙara bakuna ko rage su. Matsalarsa ƙasa mai danƙo, domin taɓo na toshe bakin, mutum ya yi ta tafiya yana zaton yana shuka. Robar kuma ba ta son rana, in ta tsage ba a yi mata walda.

Na biyu, mai cen. Shi maƙeranmu suka fi ƙerawa, don kayansa na ko'ina. Amma a nan akwai tambayar da za ka yi: cen ɗin keke ne ko na babur? Tazarar gaɓoɓinsu ɗaya ce, milimita 12.7, wato cen ɗin keke da na babur mai lamba 428. Amma na keke siriri ne, ba ya hawa haƙoran farantin babur, kuma bai da ƙarfin jure jan dabba. Ga injin turawa da hannu na keke ya isa. Ga na jaki ko na shanu, ka nemi 428, domin duk garin da ake hawa babur, daga Paga har Tasawa, za a same shi. Alherin mai cen shi ne sauƙin gyara da sauƙin canza tazara. Illarsa kuwa a buɗe yake, ƙura da yashi da ciyawa duk suna samunsa.

Na uku, mai giya a rufe. Wanda ya fi shahara a yankinmu shi ne Super Eco, ƙirar Faransa, wanda ya bazu a ƙasar gyaɗa ta Senegal, aka riƙa ƙera shi a garin Pout tun shekarun 1960, a masana'antar SISCOMA wadda daga baya ta zama SISMAR. Tayoyi biyu na gaba ke juya sanda, sanda ta juya giyoyi a cikin ɗan akwatin ƙarfe mai giris, su kuma su juya faifan da ke kwance a karkace cikin akwatin iri. Doki ɗaya ko jaki ɗaya ke jansa. Mutanen Mali da na Nijar sun san shi. Tunda giyoyin a rufe suke, yashi bai cika samunsu ba, shi ya sa za ka ga tsoho ya gaji inji daga ubansa yana aiki har yau. Amma ranar da haƙorin giya ya cinye, mai gyaran babur ba zai fisshe ka ba, sai wurin masu sassaƙa ƙarfe, irin na Suame ko na Kano. Tazara kuma da faifai kaɗai ake canza ta.

Na huɗu, mai bel. Yana da araha, ba ya ƙara, ba ya son mai. Amma bel yana zamewa, musamman in ya jiƙe da raɓa ko ya saki don zafi. A injin niƙa in bel ya zame, gari ne zai ɗan yi jinkiri. A injin shuka in ya zame, gibi ne a gona, kuma ba za ka gani ba sai bayan mako guda da tsiro ya fito. Shawarata, in ba bel mai haƙora ba ne, ka bar shi.

Na tarakta, irin waɗanda ake gani wajen Ejura da manyan gonakin arewa, yawancinsu har yanzu tayar ƙasa ce ke juya faifansu ta hanyar cen da jerin farantai. Wasu suna da fanka mai zuƙo iri ya manne a faifai, ita kuma sandar bayan tarakta ce ke juya ta. A Amurka da Turai yanzu an koma sa wa kowane layi ƙaramar motar lantarki, kwamfuta na ba ta umarni. Abu ne mai kyau ga mai gona ɗaruruwan hekta da makaniken kamfani a kusa. Ga manomin da kasuwarsa ta mako mako ce, abin da maƙerin gari zai iya kwancewa ya ɗaura shi ne nasa.

Ƙasa ba ɗaya ba ce

Nan ne fatake suka fi yin kuskure. Injin da ya yi aiki a Asante ba lalle ya yi a Damagaram ba. Ƙasar nan ja ce mai danƙo. Taɓo na manne wa taya, tana ƙara ƙiba. In taɓon ya kai kaurin santimita 2 kewaye da ita, tayar 40 ta koma 44, tazara ta ƙaru da kashi ɗaya cikin goma. Don haka injin ƙasar laka yana buƙatar ɗan ƙarfe mai kankare taya.

A jigawa kuma akasin haka ne. Taya mai santsi tana ja a kan rairayi ba ta juyawa sosai. In ta rasa juyi ɗaya cikin goma, masarar da ya kamata ta kai tushe 53,000 a hekta sai ta tsaya a 48,000. Maganinsa taya mai faɗi, da guntayen ƙarfe da aka yi wa walda a bayanta don su kama ƙasa. Sannan yashi da giris in suka haɗu a jikin cen, sun zama dutsen wasa wuƙa, su cinye haƙora cikin damina ɗaya. A ƙasar yashi kada a lafta wa cen giris. A goge shi da yamma, a ɗiga masa mai kaɗan, a share ragowar, kuma a sa maƙeri ya yi masa murfin kwano. In da hali, mai giya a rufe ya fi dacewa da can.

Sai maganar kunya. A ƙasar Kano da Katsina da Zariya manoma da yawa a kan kunya suke shuka, bayan huɗar shanu. Injin da aka ƙera don shimfiɗaɗɗiyar ƙasa in ya hau kunya yakan karkace, taya ɗaya ta rataye a sama, faifai ya daina juyawa daidai. Kafin ka kai kaya wani gari, ka tambaya: mutanen nan a kunya suke shuka ko a fili? Haka kuma masu noma ba huɗa, irin wanda Dakta Kofi Boa ke koyarwa a cibiyarsa ta Amanchia kusa da Kumasi, inda ake barin ciyawa da kara su rufe ƙasa. Injinsu sai da faifan yanka a gaba da murfi a kan cen, in ba haka ba ciyawa ta naɗe shi ta tsayar.

Gwaji kafin ciniki

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kada ka sayi injin shuka ba ka zo da iri a aljihu ba, kuma irin da za a shuka a garin da za ka kai shi. Ga yadda za ka yi, a gaban mai kaya.

Ku ɗaga inji a kan bulo, ku shimfiɗa buhu a ƙarƙashin bututu. Ka zuba iri, ka sa wa taya alama da alli, ka juya ta da hannu sau 30 a hankali, kamar tafiyar sa. A misalinmu na ɗazu faifai zai juya sau 10, in mai rami 15 ne ya kamata ka ga ƙwaya 150. Ka ƙirga. In ka sami 120, ramuka ba sa cika. In ka sami 200, suna ɗaukar bibbiyu. Ka duba kuma ko akwai fasassu, domin faifan da bai zauna daidai ba yana niƙa iri, gyaɗa ce ta fi shan wannan wahala. Yayin da kake juyawa ka kula da hannunka. In akwai wurin da taya ke yin tauri sannan ta saki, to sanda ta lanƙwashe ko faranti ba a tsakiya aka yi masa walda ba. Wannan injin zai riƙa jefar da cen.

Sannan ka tsuguna ka dubi farantan biyu ta gefe, su kasance a layi ɗaya sak. Ka danna cen da yatsa a tsakiya, ya motsa kamar faɗin yatsa ɗaya. Ka tambaya ina ake ɗaure shi in ya saki, domin kowane cen yana saki. Ka kama taya ka girgiza ta hagu da dama, in tana kaɗawa boris ya mutu ko babu shi sam. Ka nemi boris mai lambar da ake samu ko'ina, kamar 6204 mai ramin milimita 20 ko 6205 mai 25, kuma mai murfin roba gefe biyu don ƙura.

Abu biyu kuma da ba a cika tambaya ba. Na ɗaya, yaya ake tsayar da faifai in an kai ƙarshen layi ko ana tafiya gona? Wasu injinan ɗaga su ake yi, wasu suna da ɗan hannu mai raba taya da faifai, wasu firiwil ɗin keke aka sa musu don kada faifai ya juya in an ja da baya. In babu ko ɗaya, iri zai yi ta zuba a kan hanya, kaji su gode maka. Na biyu, akwai ƙusar da aka yi don ta karye? Injin kirki yana da siririyar ƙusa mai laushi a jikin sanda. In tsakuwa ta shiga faifai ya cije, ita ce za ta karye, giya ta tsira. Kada wani ya ce zai taimake ka ya sa ƙusa mai tauri ko ya yi wa wurin walda. Ƙusar ba ta kai kuɗin goro ba, giya kuwa sai an yi tafiya.

Bayan nan ku sauke shi ƙasa, ku ja shi mita 20 a fili ba tare da rufewa ba, ku ƙirga abin da ya zuba. A tazarar 25 ya kamata ku ga ƙwaya 80. Mai kayan da ya ƙi yarda da wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Ga falke

Ku tuna a hekta ɗaya mai layi santimita 75, inji zai yi tafiyar fiye da kilomita 13, taya ta juya sama da sau 10,000. Duk abin da ke juyawa haka dole ya ci. Don haka kada ka kai inji tsirara. Kowane ɗaya ya tafi da faifansa na masara da na dawa da na gyaɗa da na wake, da cen na ajiya da mahaɗinsa, da boris biyu, da ƙusoshin nan masu laushi. Riba ta gaskiya ma a nan take, domin inji sau ɗaya ake saye, kayan gyara kuwa kowace shekara. In cen ya tsufa, a canza shi tare da farantansa, sabon cen a kan tsofaffin haƙora ba ya daɗewa. A Nijar akwai wuraren ƙera kayan noman dabbobi da aka daɗe da sani, ACREMA a Tawa, UCOMA a Damagaram, CDARMA a Doso, ga kuma maƙeran da suka koyi aiki a irin waɗannan wurare. Ka san maƙeri ɗaya a garin da kake kai kaya, ka nuna masa cikin injin tun kafin ya lalace.

Wajen lodi, ka cire faifai da cen ka ƙulle su daban, kuma kada a ɗora buhuna a kan inji. Sanda in ta lanƙwashe tsakanin Kintampo da Bolga, ba ta komawa daidai. Ka karɓi rasit mai sunan maƙeri da wurin da aka ƙera. Tun 29 ga Janairu 2025 Nijar da Burkina Faso da Mali suka fita daga ECOWAS, wato CEDEAO, don haka ka tambayi halin da ake ciki a boda kafin ka ɗaura kaya, kada ka dogara da yadda aka yi bara. Ka kuma lura da lokaci. Nan Asante damina biyu ce, babba daga wajen Maris ko Afrilu, ƙarama daga Satumba. Can arewa ɗaya ce tak, kuma ruwan shuka ba ya jiran motar da ta makale a Paga. Kayan da bai isa ba kafin ƙarshen Mayu, sai baɗi.

Ga makiyayi

Kai kuma mai dabbobi, shuka da inji aiki ne marar nauyi in aka kwatanta da huɗa. Jaki ɗaya ya isa injin layi ɗaya, bijimi ɗaya ma haka. Abin da ake nema shi ne tafiya madaidaiciya, ba gudu ba fizga. Sa yana tafiya kamar kilomita 3 a awa, ke nan hekta ɗaya za ta ɗauki awa huɗu da rabi, ban da juyawa da hutu. Dabbar da ke zabura tana sa ramuka su wuce ba su cika ba, tana kuma tsinka cen. Ka horar da ita tun da rani, da inji wayam, ta saba da ƙararsa. A ƙasashen kurmi ka kula da tsando da sammore, shi ya sa noman shanu ya fi ƙarfi a wajen Bawku da Navrongo fiye da nan kudu.

Shuka a layi madaidaici tana ba da damar a shiga da dabba a yi noman ciyawa, aiki na biyu ke nan gare ka, kuɗi na biyu. Gyaɗa da waken da suka fito ba gibi suna ba da harawa mai yawa, kuma kana iya yin yarjejeniya tun farko a biya ka wani kashi da harawa. Kowa ya san irin rigingimun da aka sha tsakanin manoma da makiyaya a wurare kamar Agogo. Makiyayin da ya shiga gonar maƙwabcinsa da rana tsaka, da karkiya da injin shuka, bisa gayyata, ya sami abokin da zai tsaya masa ranar da magana ta taso.

Gargaɗi ɗaya kafin mu rufe. Irin da ake sayarwa yawanci an gauraya shi da magani, za ka gan shi ja ko kore. Ragowar da ke cikin akwati kada a ba kaji ko awaki, kada a bar jaki ya sa baki, kada yara su yi wasa da shi. A juye shi a ajiye nesa, a wanke hannu. In injin mai zuba taki ne, a wanke shi ranar da aka gama, don taki na cin ƙarfe. Bayan shuka a cire cen, a wanke da kananzir, a jiƙa shi da mai, a naɗe a leda, a rataye inji a inuwa inda ruwa ba ya taɓa shi.

To jama'a, lokaci ya yi mana halinsa. Wanda ke da injin da ke ba shi wahala ya aiko mana da abu uku: faɗin taya, haƙoran farantai, da yawan ramukan faifai, za mu yi lissafin tare a shiri na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare matafiya, ya raya dabbobi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.